Waken Malam Rinse a Bakin Gada

Duk wanda ya girma a Jutsum ya san abu biyu game da Malam Rinse Talsma. Shi ne ya koya wa rabin garin lissafi, kuma shi ne mutumin da aka haifa masa 'ya yana tsaye a bakin gada riƙe da keke. Na biyun ya fi na farkon tashe. Ni ungozoma ce, sunana Geeske, kuma labarin nan na gaje shi ne tare da jakar aiki daga tsohuwar ungozomar da na karɓi garin a hannunta. Malam ya riga mu gidan gaskiya da jimawa, amma har gobe in na ga busasshen wake a kanti sai na yi dariya ni kaɗai.

Ruwa ne ya raba garinmu biyu. Coci da kantuna da kamfanin cuku da gidana suna wannan gefen. A tsallake akwai layin gidaje ɗaya da gonakin shanu, kuma can Malam yake zaune da matarsa Jantien. Gadar da ta haɗa mu irin mai juyawa ce a kan ginshiƙi a tsakiyar ruwa. In jirgi ya zo, Fokke mai gadi ya hau kanta ya murɗa ƙarfe, ta juya da shi, mu kuma mu tsaya muna kallonsa yana miƙa wa masu jirgi wani takalmin katako da yake ɗaure a sandar fatsa su jefa masa kuɗin wucewa a ciki. Fokke bai taɓa sauri don kowa ba, kuma yana alfahari da hakan.

Ranar da aka haifi Marrit, 'yarsu tilo, Malam yana aji a makarantar birni saƙo ya same shi. Ya taka keke kamar zai karya shi, ya iso ya tarar gada a buɗe. Jirage suka wuce, gada ta ƙi komawa. Kafin ya zagaya ta babbar hanya ya isa gida an wanke jaririya, an gyara gado, Jantien na shan kofi. Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Wa kake nema?" Wannan tsokana ba ta taɓa tsufa a bakinta ba.

Mutum ne dogo siriri, kunnuwansa a baje, hannun rigarsa kullum da farin alli. Ba ya shan taba, ba ya zuwa wasan ƙwallo, bai iya rawa ba. Amma in wani lissafi ya kama shi sai ka ga ya zama wani mutum, ya riƙa tafiya yana dawowa, maganarsa na tuntuɓe da juna, ya kama hannun rigar duk wanda ya fi kusa. Ɗalibansa sun ce ya taɓa rubutu har allo ya ƙare ya ci gaba a jikin ƙofa bai sani ba. Ni dai ban yi karatu a wurinsa ba, kuma na ɗauka na tsira. Ashe jirana yake sai ya yi ritaya.

A ƙarshen hunturun wata shekara Marrit ta zo mini da ciki. Ita da mijinta Sibren, mai aiki a kamfanin cuku, suna zaune a gidan da ke manne da na iyayenta, wato a tsallake. Haihuwa za ta faɗo tsakiyar lokacin zafi, lokacin da jiragen 'yan shaƙatawa ke cika ruwa. A gida take son haihuwa kamar yadda uwarta ta yi, kamar yadda kusan kowa ke yi. Na duba ta, lafiya lau. Na ce babu damuwa. Ba ga allon da hukumar lardi ta kafa a bakin gada ba, bayan mutane sun yi ta ƙorafi? An rubuta ɓaro-ɓaro cewa matsakaicin jira a gadar nan minti biyu ne. Ni minti biyu ba ya tayar mini da hankali.

Washegari ina zaune a kicin da kwanon miyar wake a gabana, mai kauri da yankan nama a ciki, sai ga Malam ya shigo bai ko cire hula ba.

"Geeske, kin taɓa jiran minti biyu a gadar can?"

"Malam, ka zo cin miya ne ko ka zo hana ni ci?"

"Amsa mini dai. Minti biyu cif."

Na yi tunani. Gaskiya yawanci wucewa nake kawai ban ko sauke ƙafa daga keke ba. Wata rana kuma in tsaya har raina ya ɓaci. Na faɗa masa haka.

Sai ya ja kujera, idonsa na ƙyalli, ya janye kwanona gabansa. "Yauwa. Dubi miyar nan. Abu biyu ne a cikinta. Akwai ruwan miya da ya bazu ko'ina, babu inda za ki nuna ki ce ga shi nan ya taru. Akwai kuma gudaji, nama, da ya zauna wuri ɗaya da nauyinsa. Jiran gadar nan haka yake. Mutanen da ba su jira ko kaɗan ba, duk a kan ɗigo ɗaya suke zaune, gudaji ne. Waɗanda suka jira kuwa, wani minti uku da 'yan kai, wani tara da rabi, sun bazu kamar ruwan miya. Masu allon can sun tuƙa komai wuri ɗaya suka ɗebo cokali guda suka nuna mana. Ni rariya zan saka."

"Ka saka a taka miyar," na ce, na janyo kwanona.

Bai ji haushi ba. Ya juya hularsa a hannu, sannan ya ce a hankali, "Haihuwar Marrit ba ta zo da sauƙi ba, kin sani. Tsohuwar ungozoma ta riga ta tsallake tun da safe don wata mata, shi ya cece su. Kowa dariya yake yi mini, nima ina taya su. Amma tun daga ranar tambaya ɗaya ke cina. Da ita ce ta tsaya a bakin gadar nan ba ni ba fa?"

A nan na daina cin miyar. Tsoro na gani a fuskar mutumin, kuma ya kama ni nima.

Da dusar ƙanƙara ta narke, sai ga Malam a bakin gada da katako da kwalaben da Jantien ke zuba 'ya'yan itace. Ya jera su a kan katakon, ya ajiye buhun busasshen wake a gefe. Doka mai sauƙi ce. Duk wanda ya tsallake ya dubi agogon coci, wanda ake hangowa daga kowane gefe, ya jefa ƙwayar wake ɗaya a kwalbar da ta dace da jiransa. Ta farko ta waɗanda ba su tsaya ba ce sam. Na tsakiya kowace da 'yan mintocinta. Ta ƙarshe kuwa ta waɗanda gada ta cije musu suka zagaya ta babbar hanya ce, tafiyar da ke cin kowace irin mota minti arba'in.

Fokke ya leƙo daga rumfarsa ya ce, "Malam, in miya za ka dafa ka faɗa, in kawo cokali."

"Aikinka nake awo, Fokke."

"Aikina ba ya shiga kwalba."

Na ɗauka kwana uku mutane za su gaji. Ina! Garin ne gaba ɗaya ya kamu. Mai kai madara ya riƙa tsayar da mota don ya jefa nasa. Fasto ya jefa, ya dawo ya ce ya yi kuskuren kwalba, ya zura yatsa ya ciro. Matan tsallake suka riƙa gardama a kanti kan wadda ta ƙara wa jiranta minti don a tausaya mata. Tsuntsaye suka gano buhun, aka yi masa murfi. Kwalbar farko ta cika ta tumbatsa a makon farko, aka musanya ta da bokitin tatsar madara. Ni kaina, da nake cewa aikin banza ne, na tsinci kaina ina komawa baya wata rana saboda na manta ban jefa ba.

Bayan 'yan makonni ya kwashe waken, ya ninka kwalaben tsakiya, kowace ya raba lokacinta biyu. Da aka sake tarawa sai ya zo har gida ya ja ni da hannun riga zuwa bakin gada, ina ta masifa.

"Duba, duba. Kowace kwalbar tsakiya rabin abin da ta samu a baya ta samu yanzu. In na sake rabawa, ta sake raguwa. In na yi ta rabawa har kwalaben su kai birni, kowace sai ta kusa zama wayam. Haka ruwan miya yake, babu ɗigon da ke da nasa nauyi. To dubi bokiti."

Bokiti na nan a cike yadda yake.

"Raba shi yadda kika ga dama. Waɗanda ba su jira rabin minti ba, waɗanda ba su jira daƙiƙa ɗaya ba, waɗanda ba su jira ƙiftawar ido ba. Duk su ne dai, ba sa raguwa. Ta haka ake gane gudaji, Geeske. Wuƙa ba ta rage shi."

Ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. Na tsaya ina kallon bokitin wake kamar ban taɓa ganin bokiti ba. Sai dai ban nuna masa ba, don in ka nuna wa Malam Rinse ka gane, ka sayi wata awa ɗaya a tsaye.

Kwalbar ƙarshe ta daɗe babu ko ƙwaya. Sannan zafi ya sauko, irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ciyawa ta ƙone, shanu suka koma tsayuwa cikin kwatami, kwalta ta riƙa kama takalmi. Ƙarfen gada ya kumbura, haƙoran da ke juya ta suka fara cijewa, sai 'yan kwana-kwana sun zo da mesa sun yi ta feshi kafin ta saki. Kwalbar ƙarshe ta fara jin ƙarar wake.

Wata Asabar Malam ya aro sikelin mai kanti ya kafa a bakin gada. Ban san wa ya yi shela ba, amma jama'a sun taru kamar ranar kasuwar shanu. Marrit ta zo da cikinta a gaba, aka ba ta kujera. Ya auna bokiti, ya auna kwalbar ƙarshe, ya juye na tsakiya ya auna.

"Cikin mutum ɗari," in ji shi, "tamanin sun wuce ba su tsaya ba. Biyu sun zagaya. Waɗannan su ne gudaji biyu, na ajiye su gefe. Saura sha takwas, ruwan miya. Yanzu ku manta da kowa, ku ɗauki sha takwas ɗin nan kamar su ne duniya duka. Su kaɗai, jiransu daga ɗan kaɗan ne zuwa kwatan awa, tsaka-tsakinsa minti bakwai. Kun gani? Abu ɗaya ya zama biyu, kowanne da kamanninsa, kowanne da nauyinsa a sikeli. In kuma kuka mayar da su tukunya, kowa gwargwadon nauyinsa..."

Ya yi lissafin a ka, leɓɓansa na motsi. Sai ya cire hula ya jefa sama.

"Minti biyu. Ya fito minti biyu. Mutanen lardi ba su yi ƙarya ba, lissafinsu daidai ne."

Aka tafa, galibi ba a san abin da ake tafa wa ba. Fokke ya ce, "To wake buhu guda ka ɓata don ka gano abin da ke rubuce a allo?"

"Na gano abin da ba a rubuta ba. Gada ɗaya ce, amma ciwonta biyu, kuma magani ɗaya ba zai yi musu ba. Ruwan miyar nan a hannunka yake, Fokke. Ranar da ka ga jan mayafin teburin Jantien a tagar Marrit, kada ka buɗe wa kowa, ko jirgin wa ne."

"Ko sun yi ta busa mini ƙaho?"

"Su busa har su gaji."

Fokke ya sosa ƙeya ya dubi Marrit, wadda ya sani tun tana rarrafe. "Don ke zan yi, ba don tsohon nan ba."

"Na gode, Kawu Fokke," ta ce.

"Gudajin ƙarshen nan kuwa," Malam ya ci gaba, "ba ya jin roƙo. In ƙarfe ya cije, ko Fokke ya yi kuka ba zai saki ba. Wannan nawa ne."

Maganinsa wani tsohon kwalekwale ne da ya samo wurin mai kamun kifi, ɗan ƙarami, mutum biyu da kaya kaɗan yake ɗauka. Ya toshe ɓarakarsa da kwalta, ya ɗaure shi a bayan gidansa. Malam kuwa irin mutanenmu ne, ruwa in ya daskare ya iya sulalewa a kan ƙanƙararsa, in bai daskare ba sai kallo. Bai iya iyo ba, bai taɓa tuƙi ba. Kowace safiya ya riƙa gwaji, ya tsallake ya dawo, da buhunan dankali a zaune a inda zan zauna. Mai kanti ne ya ba ni labari, yana danne dariya, cewa buhu biyu Malam yake lodawa.

Na same shi a bakin ruwa. "Malam, ni ce buhu biyu?"

"Da jakarki, Geeske, da jakarki."

"Jakata ba ta kai rabin buhu ba."

"Na ƙara ne don kariya," ya ce, yana kallon wani wuri.

Mako guda ban gaishe shi ba. Amma na lura tuƙinsa ya miƙe, tafin hannunsa ya yi kanta.

Ranar ta zo ana tsakiyar zafin, bayan abincin rana, iska ko motsi ba ta yi. Waya ta yi ƙara, Jantien ce. "Geeske, ki taho. Faya ta fashe, kuma yarinyar nan ba ta da niyyar jiran kowa."

Na ɗaure jaka a keke na taka. Tun daga kwanar coci na hango jan mayafi na lilo a tagar bene. Gada na tsaye a tsakiyar ruwa, ta miƙe da tsawonsa, Fokke a kanta ba riga, ya rungume ƙarfe yana turawa da ƙirji. Jiragen sun riga sun wuce kafin a rataye mayafin, da ya zo mayar da ita ta cije.

"Ba laifina ba ne," ya ƙwala mini. "Na rantse ban ga mayafin ba sai da na buɗe."

"Wa ya tambaye ka? An kira 'yan kwana-kwana?"

"An tafi kira."

Sai na ji fatsal-fatsal a ƙasa. Malam ne a kwalekwalensa, ya riga ya ci rabin ruwan, hularsa a karkace, gumi ya jiƙa rigarsa. Fuskar nan ban taɓa ganin irinta ba, tsoro da murna sun haɗu a kanta kowanne ya ƙi ba wa ɗan'uwansa wuri.

"Gudajin ne, Geeske," yake faɗi yana haki. "Biyu cikin ɗari, kuma ya faɗo mana yau. Miƙo jakar. A hankali, ƙafa ɗaya a tsakiya."

Na tattara siket na shiga, kwalekwale ya nutse har ruwa ya kusa leƙo baki. Ban ce komai ba game da buhunan dankali, shi ma ya yi hankali bai ce ba. Ya sa filafili a jikin dutse zai tura ke nan, sai ga wani na gudu daga wajen kamfanin cuku, da farar rigar aiki da takalmin roba, yana ɗaga hannu. Sibren ne. Ya iso bakin ruwa ya tsaya cak. Ya dubi gada, ya dubi jan mayafi, ya dubi kwalekwale da ɗan abin da ya rage masa a saman ruwa. Yaron ya gane da kansa.

"Ku tafi, Baba," ya ce. "Kai ta tukuna. In ka samu sarari ka dawo ka ɗauke ni. Zan ɗan jira."

Malam ya dube shi. Daga can tsallake, ta buɗaɗɗiyar taga, muka ji muryar Marrit, irin muryar da ni na san ma'anarta. Babu wani dawowa da zai yi amfani.

Malam ya miƙe tsaye, kwalekwale ya yi tangal-tangal, na riƙe jakata ina zaginsa a zuci. Ya taka dutse ya fito, ya danƙa wa Sibren filafilai.

"Shiga."

"Baba, ban iya ba. Kai ka sha wahalar koyo."

"Ja ne kawai, hannu biyu tare. Na san abin da ke samun mutumin da ya ce zai ɗan jira a bakin ruwan nan. Shiga, kada ka ɓata wa Geeske lokaci."

Bai yi ƙarya ba da ya ce bai iya ba. Sai da muka yi kewaye guda cur a gaban jama'a, Fokke na ba da umarni daga kan gada, Malam na ba da nasa daga baki, ni kuma ina ba da nawa a kunnensa. "Hannun hagu, Sibren. Ɗayan hagun. Kai da kake juya cuku mai nauyin ɗan maraƙi, filafili ne zai gagare ka?" Da muka taɓa tsallake ya yi tsalle ya fita, ya fizgo ni da jakar, muka ruga. Babu wanda ya tuna da igiya. Kwalekwale ya sulale abinsa ya shige cikin ciyayi da filafilansa.

Ko hannu da ƙyar na samu na wanke. Jantien na riƙe da kafaɗar 'yarta, Sibren ya durƙusa ya ba ta hannunsa ta murƙushe. Kai ya fito, na kai yatsa na ji abin da ba na so, igiyar cibiya ta naɗe wuya, kuma ta ɗaure tamau. Na ce Marrit ta dakata ta yi numfashi, na zura yatsu na sassauta na zame ta. Aikin ƙiftawar ido ne ga wadda ta sani, amma sai tana ɗakin. Jaririya ta fito shuɗiya, shiru. Na goge ta, na murza bayanta, na share bakinta. Ɗakin ya yi tsit har ina jin ƙarar mesar 'yan kwana-kwana a waje. Sai ta ja iska ta saki kuka, kuka mai ƙarfi na wadda aka ɓata wa rai.

Daga tsallaken ruwa muka ji gari ya ɗauka da sowa. Ashe duk suna tsaye suna sauraren taga.

Ni ba mai saurin hawaye ba ce, amma ranar sai da na share ido, kuma na yi murna irin wadda ban yi ba a haihuwa da yawa. Da na gama abin da ya kamata, na naɗe yarinyar, na tambayi Marrit da ido, ta gyaɗa kai. Na kai ta taga na ɗaga.

Yana nan inda muka bar shi. Mai kai madara ya ce ya yi masa tayin zagayawa da shi a mota, ya ƙi, ya ce ba zai bar inda yake hango tagar ba. Yana tsaye kusa da kwalabensa, dogo, kunnuwa a baje, hula a hannu. Da ya ga ƙunshin da na ɗaga sai ya ɗaga hular sama, ya rasa me zai yi da ita, ya rufe fuska da ita.

Jantien ta sauka kicin ta shafa wa busasshen biredin haihuwa man shanu, ta barbaɗa masa 'yan ƙwayoyin sukarin nan da ake ci duk gidan da aka haihu. Ta fita bakin ruwa da guda ɗaya a hannu ta kira Fokke, wanda har yanzu yake maƙale a tsakiya, jiƙe sharkaf da feshin mesa. Ya wurgo takalmin katakon da ke ɗaure a sandar fatsarsa, ta sa biredin a ciki. Ya janye a hankali, ya taka zuwa ɗaya gefen, ya kaɗa sandar. Takalmin ya yi lilo sau biyu a kan ruwa, jama'a na riƙe da numfashi, a na uku Malam ya cafke.

Jantien ta sa hannu a baki ta ce, yadda kowa zai ji, "Tsoho, mace ce. Kuma ka sake makara."

Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya matso har bakin dutse da biredin a hannunsa.

"Na sani. Geeske fa, ta makara?"

Jantien ta juyo ta dube ni a taga. Ta ga abin da na yi da yatsuna a ɗakin, ta kuma san abin da minti arba'in zai zama. Da ta juya gare shi babu sauran tsokana a muryarta.

"Ba ta makara ba, Rinse."

"To shi ke nan," ya ce. "Lissafi ya fita."

Ya zauna a kan buhun waken da ya rage, ya ci biredinsa yana hawaye, sukari na zuba a rigarsa. Sai da la'asar ta yi sanyi ƙarfe ya saki, gada ta juyo. Ba a bar kowa ya taka ta ba sai da ya wuce.